Daga gilashi zuwa kontak lens: hanyar da na bi a Kano, da inda na yi tuntuɓe

Sana'ata girkin biki ce. In ana suna ko ɗaurin aure ko walimar sauka, mu ne a bayan gida tun asuba da manyan tukwane. Duk wadda ta taɓa buɗe tukunyar shinkafar mutum ɗari biyu da gilashi a fuskarta ta san abin da ke biyo baya: tururi ya taso, duniya ta yi fari fat, ki tsaya da murfi a hannu kina jiran gani ya dawo. Ga mai yana fantsama, ga gumi yana sulluɓo da gilashin kan hanci, hannu kuma duk kayan miya, ba damar gyarawa. Tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake sa gilashi, bayan malamar lissafi ta lura littafin ta kusa da ni nake kwafa, ba allo ba. Amma abin da ya fi tururin damuna ciwon kai ne. Idanuna ba su zo ɗaya ba: na dama lambarsa -6.00, na hagu -2.00 da wani ɗan ƙari da ake rubutawa a gefe. In na cire gilashi, idon dama ba ya ganin abu tangaran sai ya matso kamar taƙi guda daga fuskata, na hagu kuwa yana kaiwa kamu guda. Kullum la'asar na yi, sai in ji kamar an ɗaure mini goshi da igiya.

Kuskuren da na fara da shi, shi ne dalilin wannan rubutun. Wata mai kwalliyar amare da muke haɗuwa a wuraren biki ta ce mini ai akwai kontak lens mai lamba, wannan ɗan abu mai laushi kamar ɓawon albasa da ake ɗorawa a kan baƙin ido, kuma tana da wadda take saro mata a Instagram. Ta ce in turo lambar gilashina kawai. Na tura -6.00, na yi tiransifa, washegari mai kai saƙo ya kawo mini 'yan kwalabe biyu, lens ɗin ciki masu launin ruwan zuma, duka lamba ɗaya domin wai da haka ake sayarwa. Ba wanda ya duba idona, ba wanda ya nuna mini yadda ake sawa, a bidiyo na koya. Kwana uku na yi da shi. Na kwanta baccin rana da shi sau biyu, na ɗauraye ɗan gidansa da ruwan famfo, kuma a raina ina ganin na yi tsafta. Ran na huɗu na farka idon dama ya yi jawur, hawaye na zuba, kamar an zuba mini yashi a ciki, hasken taga ma ba na iya kallo. Maƙwabciyata ta ce apolo ne, aka aika yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa. Umma kuwa da ta ji labari a waya cewa ta yi, “'Yar nan, ido ɗaya ne da ke da za ki yi wasa da shi? Ko biyun ne suka yi miki yawa?” Maigidana bai ce komai ba, sai dai ya ce in shirya, gobe da asuba sai asibiti.

Kano ba ta rasa wuraren duba ido ba. Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari da ke aiki tun 1943, akwai asibitin ido na Makka, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala, ga masu zaman kansu birjik. Ba zan faɗi wanda na je ba, domin tsarin kusan iri ɗaya ne. Mun taso daga Ɗorayi bayan sallar asuba, muka isa bakwai saura, na ɗauka mu ne na farko, sai na tarar da dattawa daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta sun cika benci, wasu da jikoki riƙe da sandarsu. Aka ba ni lamba 43. Ga yadda abin yake, domin ni sai da na yi ta zagaye kafin na gane: lamba tukuna, sannan tagar yankar kati, sannan tagar biyan kuɗi, sannan ki dawo da rasit a buɗe miki fayil. Na biya naira 3,000. Na bi layin biyan kuɗi kusan rabin awa kafin wani bawan Allah ya ce mini sai da 'yar takardar tagar farko ake karɓa. Ki riƙe tsabar kuɗi ko da kaɗan ne, domin ranar na'urar cirar kuɗin ta yi ta gardama.

Wajen ƙarfe tara wata nas ta kira ni ɗakin allon haruffa. Za a tsayar da ke mita 6 daga allon, a rufe ido ɗaya, ki karanta daga sama zuwa ƙasa. Wanda bai yi boko ba akwai allonsa mai harafi guda da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, da hannu yake nuna inda ƙafafun suka kalla. In kika ga an rubuta 6/6 a fayil, ganinki daidai yake. In 6/60 ne, abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 60, ke sai kin matso mita 6. Ni ba gilashi, da idon dama ko babban harafin saman ban gani ba, sai da ta ɗaga yatsu tana tambayata nawa ne. Daga nan sai jira. Ban ga likita ba sai sha biyu da rabi.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririn haske, ya taɓa gefen idona da 'yar takarda mai ruwan lemo, ya kunna shuɗin haske. Ya ce duk inda fatar ido ta ƙuje, wannan rinin yana kama wurin ya yi kore. Nawa ya yi kore a koniya, wato wannan fata mai garai-garai kamar gilashin agogo da ta rufe baƙin ido. Ya ce, “Hajiya, kin yi sa'a, ƙujewa ce, ba ta kai gyambo ba. Da ta zama gyambo a tsakiya, hakiya za ta bar miki, kuma hakiya gilashi ba ya gyara ta.” Allah ya taimake ni na zo da kwalaben da maganin kemis a jaka. Ya juya maganin ya karanta, ya girgiza kai, ya ajiye shi a gefensa bai mayar mini ba. Ya ce akwai sitiroyid a ciki: yana kwantar da ja, mutum ya ɗauka ya warke, alhali in akwai ƙwayar cuta ƙara mata ƙarfi yake yi, kuma yawan amfani da shi yana ɗaga hawan jinin ido. Ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa, ya ce in dawo bayan kwana uku. Mun fito ana kiran sallar azahar ta ƙarfe biyu a wasu masallatan.

Komawa ta biyu ta fi sauƙi tunda akwai kati. Wurin ya haɗe. Ranar aka auna mini ƙarfin matsin ido da na'urar da ke hura iska fuf, sai da na zabura nas ɗin ta yi dariya. Sannan aka ɗiga mini maganin buɗe ƙwayar ido, domin likitan ya ce mai lamba irin ta idona na dama, idonsa ya fi na sauran mutane tsawo, shimfiɗar da ke can ƙuryar ido tana iya yin siriri har ta yage, gara a leƙa. Nan ma ba wanda ya gargaɗe ni tun daga gida: bayan wannan maganin ba za ki iya karanta wayarki ba na tsawon awanni, kuma ranar Kano za ta zame miki kamar walda. Kada ki tuƙa mota, ki zo da ɗan rakiya da baƙin gilashi. Ni a daidaita sahu na koma, fuska rufe da mayafi har gida. Kafin in fito na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ke nan ni da kontak har abada. Ya ce a'a, hasali ma irin idona ne ya fi kowa buƙatarsa, amma ba a nan ake haɗawa ba, in huta sati biyu da gilashi sannan in nemi mai gwajin ido da ya ƙware a kai.

A nan na fara gane cewa waɗanda muke kira likitan ido iri uku ne. Akwai likitan da ya karanta likitanci sannan ya ƙware a ido, shi ke aikin yanar ido da sauran tiyata. Akwai optometiris, mai gwajin gani da rubuta lamba, shekara 6 suke yi a jami'a, har a BUK akwai sashen, kuma aikin kontak nasu ne. Sai na uku, mai yanka gilashi ya sa a firam. Na biyu da na ukun suna da hukumar da ke yi musu rajista a Najeriya, ODORBN, wadda aka kafa a 1989, kuma ba rashin kunya ba ne ki ɗaga kai ki duba ko takardar shaidar tana rataye a bango. Na kira wurare biyar. Uku suka ce, “Muna sayarwa, ki zo da lambarki.” Na gode musu na kashe waya, domin wannan amsar ce ta kai ni benci mai lamba 43. Tambayar da ta raba mini aya da tsakuwa ita ce: kuna auna lanƙwasar ido, kuma kuna sa wa mutum na gwaji ku duba yadda ya zauna? Wuri ɗaya ya ce e, aka ba ni ranar Talata ƙarfe goma.

Na biya naira 15,000 kuɗin gwaji da haɗawa. Wadda ta duba ni mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta fara da tambayoyi har na ƙosa: wace sana'a nake yi, da itace nake girki ko da gas, ina da ciwon suga, ina da juna biyu ko ina shayarwa, idona yana ƙaiƙayi lokacin hunturu, ina sa kwalli. Ta ce suga in ya hau yana canza lamba, ciki ma haka, shi ya sa ba a son yanke lamba a irin wannan lokacin. Na ba ta tsohon gilashina da takardarsa da takardar sallamar asibiti. Ta zaunar da ni gaban na'urar da ake leƙa hoton balan-balan a ƙarshen titi, sannan ta ɗora mini wani firam mai nauyi tana canza gilasai tana tambaya, “Wanne ya fi, na farko ko na biyu?” Shawarata a nan: kada ki ƙanƙance ido, kada ki yi ƙoƙarin cinye jarrabawa. In duka ɗaya kike ganinsu, ki ce ɗaya ne.

Da ta gama sai ta ɗauko wani ido na roba da ake buɗewa biyu, ta yi mini bayanin da shekara goma sha ina sa gilashi ba wanda ya taɓa yi mini. Haske in ya shiga ido dole ya taru a kan shimfiɗar can baya. In ido ya yi tsawo, sai ya taru kafin ya isa, mutum ya ga na kusa, na nesa ya zama dishi-dishi. Wannan ita ce mayofiya, lambarta da alamar ɗebewa, irin tawa. In ido ya gajarta, hasken bai gama taruwa ba ya isa, sai ido ya yi ta wahalar gyarawa, karatu kaɗan sai ciwon kai, lambar wannan da alamar tarawa take. Ƙarin da ke gefen lambar idona na hagu kuwa, -1.25 a kan 180, shi suke kira silinda: koniyar ba ta yi zagaye kamar ƙwallo ba, ta ɗan yi kamar ƙwai, shi ya sa da daddare fitilun motoci a titin Zariya nake ganinsu da jela. Na huɗu shi ne na shekaru, wanda ke kama kusan kowa daga wajen shekara 40, a fara nesanta takarda daga fuska kafin a karanta. Ina jin haka na tuna Umma da zare da allura.

Sai ta zo kan ciwon kaina. Gilashi mai alamar ɗebewa yana ƙanƙanta abu, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon ƙanƙantawar. Idona na dama yana kai wa ƙwaƙwalwa ƙaramin hoto, na hagu yana kai babba, ita kuma tana ta faman haɗa su wuni guda. Kontak tunda a kan idon yake zaune, ba tazara, wannan bambancin yana raguwa sosai. Wannan tazarar ce kuma ta sa lambar gilashi ba ita ce lambar kontak ba. Gilashi yana nesa da ido da kamar milimita 12, saboda haka in lamba ta haura 4 sai an yi lissafi: -6.00 ɗina ta koma -5.50. Ta auna lanƙwasar koniyar, ta rubuta 8.6, faɗin kuma 14.2. Ta ce wanda ya matse yana hana hawaye zagayawa a ƙarƙashinsa, wanda ya yi sako-sako yana yawo yana gogar ido. Na yi shiru ina tuna kwalabena ruwan zuma. Wato na sa wa idon hagu mai buƙatar -2.00 lamba -6.00, na sa wa na dama abin da ban san girmansa ba, kamar a saya wa yaro takalmi ba a ga ƙafarsa ba. Ta ƙara da gwajin hawaye: ta sa rinin nan, ta ce kada in ƙifta, tana ƙirga daƙiƙa nawa hawayen zai yi kafin ya tsage. Ƙasa da goma alamar bushewa ce, nawa ya tsaya a bakin iyaka. Ta juya fatar idona ta sama da ɗan tsinken auduga ta duba cikinta, ba zafi, sai dai ba daɗi.

Na gwajin idon dama kawai take da shi. Na hagu irin wanda ake kira torik ne, an yi shi da ɗan nauyi ko siranta a wasu gefuna domin kada ya juya a kan ido, kuma sai an aiko daga Legas. Ta wanke hannu, ta ce in kalli sama, kafin in ankara ya shiga. Na ji kamar gashin ido ya faɗa, na yi hawaye minti biyu, shi ke nan. Ta ce in je in zauna a waje minti ashirin ya daidaita. Na rufe idon hagu da tafin hannu na kalli titi ta ƙofar gilas. Komai ya ƙara girma. Na karanta lambar wani a daidaita sahu a tsallaken titi, na juya ido gefe ba tare da na juya kai ba, na ga mai sayar da lemo tangaran, ba firam da ya yanke mini shi. Ban san lokacin da na ce “Allahu Akbar” da ƙarfi ba, har mai karɓar kuɗi ta ɗago.

Akwai na kullum da ake sawa a yar da yamma, shi ya fi tsafta amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai na sati biyu, akwai na wata. Na ɗauki na wata. Kwalin idon dama mai guda 6 naira 38,000, na hagu 60,000, ruwan wankewa babbar kwalba 13,000. Farashin nan dala yake bi, kada ki riƙe shi a matsayin na yau, ki kira ki tambaya. Na ba da rabi. Aka ce kwana goma, sai da aka yi sati uku da kwana biyu, na kira har na fara jin kunya. In kina da biki ko tafiya a gaba, ki fara neman da wata biyu.

Ranar karɓa ba a miƙo mini kwali na tafi ba. Ta ce ba zan fita ba sai na sa na cire sau uku da hannuna. Abu na farko, ta kalli farcena ta miƙo mini abin yanka. Sannan wanke hannu da sabulu marar mai da turare, a goge da tawul marar gashi har ya bushe ƙayau. Ta ɗora lens ɗin a kan ɗan alina ta ce in ɗaga shi saitin haske: in ya tsaya kamar ƙoƙon fura, daidai yake, in bakinsa ya baje kamar faranti, a juye yake. Kullum a fara da idon dama domin kada a musanya. Sawa ta ɗauke ni kusan minti arba'in. Ina kawo yatsa sai idon ya rufe da kansa, abin ya manne a gashin ido, ya faɗo kan tebur, a wanke, a sake. Na ce, “Likita, anya zan iya kuwa?” Ta ce, “Hajiya, wadda ke juya waina da hannu a kan tanda? Riƙe fatar saman sosai daga gindin gashin, ki kalli madubi, ba yatsan ba.” Da haka ya shiga. Cirewa kuwa, a ja shi ƙasa kan farin ido tukuna, sannan a tsunkuno da naman yatsu, ba farce ba.

Na kai mata tambayoyin Umma guda biyu. Na farko, wai yana iya zamewa ya shige bayan ido ya tafi ƙwaƙwalwa. Ta ce ba hanya, akwai fatar da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido kamar aljihu, iyakarsa ya maƙale a ƙarƙashin fatar sama a lallaɓo shi. Na biyu, wai zafin murhu yana narkar da shi a ido. Ta ce zafin da zai narkar da abin da ke jiƙe da hawaye, ya riga ya ƙone fuska. Abin tsoron ba wuta ba ne, ruwa ne. A ruwan famfo da na rijiya da na tanki akwai wata ƙwayar halitta, akantamiba, in ta maƙale tsakanin lens da koniya tana haddasa gyambo mai azabar ciwo da wuyar magani. Saboda haka ba wanka da shi, ba ɗauraye shi ko gidansa da ruwa, ko da na leda ne, balle yawu. Na ce to alwala fa, sau biyar a rana? Ta ce in runtse ido sosai lokacin wanke fuska, in goge kafin in buɗe, kuma kada in taɓa lens da jiƙaƙƙen hannu. Na tambayi malaminmu na islamiyya, ya ce cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa, sai hankalina ya kwanta. Bacci ma haramun ne da shi, har na rana, domin koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take samun numfashinta, in an rufe ido a kan lens an toshe ta sau biyu. Kwalli kuwa, wanda muke zizarawa a cikin bakin fatar ido, ta ce in haƙura da shi, in dole ne in zana daga waje, bayan na sa lens ba kafin ba.

Ta ce ranar farko awa 4, kullum in ƙara biyu har in kai goma. Kwana biyar lafiya lau. Ran na shida na yi jajjagen attaruhu da safe, na wanke hannu sau biyu da sabulu, da yamma na zo cirewa. Wallahi ban taɓa jin raɗaɗi irin wannan ba, na durƙusa a tsakar ɗaki ina salati, yara suka taru a kaina. Yajin attaruhu mai ne, yana maƙalewa a fatar yatsa da ƙarƙashin farce, sabulu sau biyu ba ya raba shi. Na yar da wannan lens ɗin, asarar wata guda a kwana shida. Tun daga ranar nake sa lens kafin in shiga kicin, kuma ba na taɓa attaruhu ko yaji sai da safar hannu ta roba. Wani abin mamaki kuma, albasa ta rage sa ni hawaye, yanzu ni ake tura wa buhun.

Bayan sati na koma kamar yadda aka ce, da lens ɗin a idona na awanni. Ba a karɓi kuɗi ba, yana cikin na farko. Ta duba ɗan layin da ke jikin torik ɗin ta ga yana zaune a ƙasa inda ya kamata, na karanta layin 6/6 da kowane ido. Ciwon kan la'asar kuwa ban ma lura da ranar da ya tafi ba.

Hunturu ne ya gwada ni. Iska ta bushe, ƙura ta cika gari, kafin azahar sai in ji lens ɗin kamar busasshen ganye. Na koma ta ba ni hawayen kwalba, irin wanda ya dace da mai kontak, domin ba kowane maganin ɗigawa ake zubawa a kansa ba. In zan hau a daidaita sahu ko in shiga Kantin Kwari ko kasuwar 'Yankaba sayen kayan miya, sai na ɗora baƙin gilashi marar lamba ya tare ƙura. Ranar da hazo ya yi yawa, ko aikin na itace ne mai hayaƙi, gilashina nake komawa. Wannan ma ya kamata a sani tun farko: kontak ba ya kore gilashi daga gida. Da safe kafin a sa, da dare bayan an cire, ranar mura, ranar da ido ya yi ja, duk shi ne. Na sake yanka sabo da sabuwar lamba a wannan wurin.

Da na zauna na yi lissafi, kwali biyu-biyu a shekara da kwalaben ruwa, abin ya doshi naira 300,000. Gilashi mai kyau kuwa sau ɗaya za ki biya ki yi shekara biyu. Da idanuna lambarsu ɗaya ce kuma aikin ofis nake yi, gaskiya da ban ɗora wa kaina wannan ba. Inda mutane ke neman sauƙi kuma nan ne haɗarin yake: a ja na wata ɗaya ya kai wata uku, ko a ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Kwana 30 ana ƙirga su daga ranar da aka ɓare, ko sau biyar aka sa. Ni a jikin kalandar kicin nake zagaye ranar. Ruwan jiya zubarwa ake yi, a murza lens ɗin a tafin hannu da sabon ruwa, a ɗauraye gidan da shi, a kife ya bushe, a canza gidan duk wata uku. In ido ya yi ja, ko yana ciwo, ko gani ya dushe, ko haske na damunki, ki cire nan take, kada ki yar, ki sa a gidansa ki tafi da shi asibiti a ranar, ba kemis ba. Masu launi na amare ma haka dokarsu take ko da ba su da lamba, kuma wanda aka sa wa wata amaryar ba a sa wa wata. Na faɗa wa mai kwalliyar nan haka a wani biki a Hotoro, ta ce ita ba ta taɓa samun matsala ba. Ban ja da ita ba, na dai nuna mata katin asibitina.

Da zan koma duba na wata shida na tafi da Umma, da ƙyar, wai ita idonta ƙalau, allurar yanzu ce ba ta da kafa. Aka auna mata matsin ido aka ce lafiya, aka ɗora mata +2.00, aka miƙa mata takarda mai ƙananan rubutu. Ta karanta har ƙasa, ta juya tafin hannunta tana kallon zanensa. Likitar ta ce mata, “Umma, akwai kontak na masu shekarunku ma, mai ganin nesa da kusa.” Umma ta ce, “A'a 'yata, ba ni na ratayawa a wuya.” Yanzu da kanta take zura zarenta, ta daina kiran jikoki. Amma har yau in ta zo gidana ta ga na ɗaga yatsa zan kai ido, sai ta kau da kai tana cewa a'uzubillahi.